Muhawara: sinadaran fotasiyam masu daidaita tsami a abincin kamfani, akwai illa ko babu?

Mai_Shago_Dilimi
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da shagon kayan masarufi, kuma a kwanakin nan masu saye sun dame ni da tambaya a kan wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wanda ke cewa duk abincin kamfanin da aka rubuta fotasiyam a jikinsa, sinadarin nan ne da aka haramta a burodi aka sauya masa suna. Na bi kantata na duba, sai na ga E332 a jikin wani lemon roba, E340 a jikin garin madarar shayi, E501 kuma a jikin wata taliyar leda da garin koko na cakulan, kuma duk an bayyana su a matsayin masu daidaita tsami. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mana, mene ne aikinsu, kuma suna da illa ko ba su da ita?

Ɗan_Gangare
Wa alaikumus salam. Ni dai ra'ayina, duk abin da sai an saka masa lamba maimakon suna, akwai abin da ake ɓoyewa. Iyayenmu ba su ci waɗannan lambobi ba, kuma ba a san su da ciwon ƙoda irin na yanzu ba.

Malamin_Kimiyya_Bukuru
Malam Ɗan_Gangare, lambar ba ɓoyewa ba ce, hasali ma an ƙirƙiro ta ne domin mutum a kowace ƙasa ya gane abu ɗaya ko da bai iya harshen da aka yi rubutun da shi ba. E332 shi ne fotasiyam sitiret, wato gishirin da ake samu idan aka haɗa fotasiyam da sinadarin tsamin da ke cikin lemon tsami. E501 fotasiyam kabonet ne ko bakabonet, E340 fotasiyam fosfet, E336 fotasiyam tataret, E326 fotasiyam laktet, E525 kuma fotasiyam haidiroksaid. Aikinsu shi ne su tsayar da tsamin abinci a inda mai sarrafawa yake so, kada ya yi sama kada ya yi ƙasa, domin ɗanɗano da launi da daɗewar abinci ba tare da lalacewa ba duk sun dogara ne a kan ma'aunin tsamin. A lemo, sitiret yana rage kaifin tsami ya kuma riƙe shi a wuri ɗaya. A madarar shayi, fosfet yana hana ta yin gudaji idan ta haɗu da zafi ko da kofi. A taliya irin ta ƙasashen Sin da Japan, kabonet ne ke ba ta danƙo da launin rawaya. A koko kuma, tun ƙarni na 19 mutanen Holan suka fara jiƙa shi da kabonet domin ya rage ɗaci da tsami, launinsa ya ƙara duhu, ya kuma fi saurin gauraya da ruwa.

Wanda aka haramta a burodi shi ne fotasiyam buromet, lambarsa 924, kuma ba mai daidaita tsami ba ne ko kaɗan. Haɗarinsa yana cikin ɓangaren buromet ɗin ne, ba a fotasiyam ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mai_Gidan_Burodi_Katako
Na gode Malam, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Mu da muka daɗe a sana'ar mun san buromet, ana zuba shi ne domin ƙullun ya yi ƙarfi, burodin ya kumbura ya yi girma a ido alhali fulawar ba ta kai ba. Ingila ta hana amfani da shi tun 1990, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta saka shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, a nan gida kuma mun ga yadda NAFDAC ta matsa wa gidajen burodi lamba a kansa zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008. Yanzu masu bin doka da bitamin C suke inganta ƙullu. Abin da ke ba ni haushi shi ne, wannan saƙon murya ya sa wata mata ta dawo mini da kek domin ta ji an ce akwai fotasiyam a cikin bakin hoda, garin nan da ke sa kek ya kumbura, alhali abin da ke ciki E336 ne, wanda ake kankarowa daga jikin gangunan da aka tsima ruwan inabi, kuma an daɗe ana yin kek da shi kafin a haifi kakanninmu.

Ɗan_Gangare
To wa ya tabbatar mana cewa kowane gidan burodi ya daina zuba buromet ɗin?

Mai_Gidan_Burodi_Katako
Babu wanda zai rantse maka a kan kowane gida, kuma ba ni da hurumin wanke kowa. Amma wannan matsalar bin doka ce, tambayar Mai_Shago kuwa a kan abubuwan da doka ta halatta ce, don haka kada mu cakuɗa su.

Hajiya_Unguwar_Rogo
'Ya'yana, ku bari in saka baki. Ɗan_Gangare ya ce iyayenmu ba su ci irin wannan ba, ni kuwa na tashi na tarar da kakata tana ƙona karan gero da ƙaiƙayi, ta zuba tokar a ƙwarya mai huji, ta ɗiga ruwa ta tace, da wannan ruwan tokar ake kashe tsamin yakuwa, ake sa karkashi ya yi yauƙi, ake sa wake ya nuna da wuri. Har gobe a nan Filato akwai gidajen da miyarsu ba ta cika sai da toka. Idan ba a samu toka ba sai a jefa kanwa. Shin ba shi ne daidaita tsamin da kuke faɗa ba?

Malamin_Kimiyya_Bukuru
Hajiya, Allah ya ƙara girma, shi ne ainihinsa. Babban abin da ke narkewa daga tokar itace da ta kara ya shiga ruwa shi ne fotasiyam kabonet, wato dai E501 da ke jikin ledar taliyar Mai_Shago, sai dai na kamfani an tace shi an kuma auna shi, na gida kuwa ido ne ma'auninsa. Amma kanwa daban take, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar, ja ce ko fara ko ungurnu, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam kabonet ne da bakabonet, fotasiyam ɗin da ke ciki kaɗan ne. Wato ta fuskar lafiya kanwa 'yar uwar gishiri ce, mai hawan jini ne ya kamata ya yi hattara da ita. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi rubuce-rubuce tun shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, inda suka danganta yawansa a yankin da shan kunun kanwa mai yawa tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta.

Ummu_Khalil
Ikon Allah. Ni duk a zatona kanwa da toka abu ɗaya ne.

Ɗalibar_Abinci_Unijos
Ina so in ƙara bayani a kan tambayar ko akwai illa, domin har yanzu an fi magana a kan aikinsu. Akwai kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana kiransa JECFA, yana aiki tun 1956, kuma shi ne ke tantance sinadaran da ake ƙarawa a abinci. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, da aka kafa a 1963, tana ɗora ƙa'idojinta a kan bincikensa, Nijeriya kuma mamba ce. Ga sitiret da kabonet da haidiroksaid na fotasiyam, kwamitin bai ga buƙatar saka iyakar abin da mutum zai ci a rana ba, saboda da zarar sun shiga ciki rabuwa suke yi su koma abubuwan da jiki ya riga ya saba da su, wato fotasiyam a gefe guda, sitiret ko kabonet a ɗaya gefen. Sharaɗin kawai shi ne kamfani ya zuba gwargwadon abin da aikin ke buƙata.

Idan muka yi lissafi abin zai fi fitowa fili. Kimanin kashi 36 cikin 100 na nauyin fotasiyam sitiret ne fotasiyam. A ƙaddara wani kamfani ya zuba rabin giram a kwalba ɗaya, abin da mai sha zai samu bai wuce miligiram 180 ba, alhali ayaba ɗaya matsakaiciya tana ɗauke da kimanin miligiram 400, dankalin turawan da ake saukewa daga Bokkos da Mangu kuma yana da sama da miligiram 400 a kowane giram 100 kafin a dafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi baligi ya riƙa samun aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana, domin yana taimakawa wajen sauke hawan jini. Saboda haka ga mai lafiyar ƙoda, sukarin da ke cikin wannan lemo ya fi E332 zama abin damuwa nesa ba kusa ba.

Injiniya_Rikkos
Malama Ɗaliba, bayaninki ya yi kyau, amma na lura kin tsallake E340 a jerin waɗanda ba su da iyaka. Da gangan ne?

Ɗalibar_Abinci_Unijos
Da gangan ne, Yallaɓai. Fosfet yana da iyaka, kuma ba saboda fotasiyam ɗin ba, saboda fosfaros ɗin da ke cikinsa. A 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake duba dukkan sinadaran fosfet, ta tsayar da miligiram 40 na fosfaros a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga duk abincin da ya ci baki ɗaya, ta kuma nuna cewa yara da matasa masu yawan cin abincin kamfani suna iya wuce wannan iyaka. Ta ce kuma iyakar ba ta shafi masu ciwon ƙoda matsakaici ko mai tsanani ba, su nasu lissafin daban ne.

Ma'aikaciyar_Jinya_Jos
To an zo wurin da nake jira. Duk abin da Ɗaliba ta faɗa gaskiya ne, amma kowace jimla tata tana tsaye ne a kan kalma ɗaya, wato lafiyar ƙoda. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na fotasiyam ɗin da ya yi wa jiki yawa, ta hanyar fitsari. A jinin mai lafiya ana samunsa tsakanin 3.5 zuwa 5.0 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi, kuma idan ya haura 6 an shiga haɗari, saboda bugun zuciya ya dogara ne a kan wannan daidaito. Abin tsoron shi ne sau da yawa ba ya nuna alama mai ƙarfi, wataƙila kasala ko mutuwar gaɓoɓi, sai kawai zuciya ta rikice. Mai ciwon ƙoda ba ya iya fitar da rarar, don haka abin da yake ba komai ba ne ga ni da ke yana iya taruwa a jikinsa. Matsalarmu a nan kuma ita ce mutane da yawa masu hawan jini da ciwon sukari ƙodarsu ta fara rauni ba su sani ba, domin ba su taɓa yin gwaji ba, ciwon kuma ba ya ciwo sai ya yi nisa.

Baban_Sadiq_Tudun_Wada
Sister ta faɗi abin da muke ciki a gidanmu. Mahaifinmu yana zuwa wankin ƙoda, kuma an ba mu jerin abin da zai rage: ayaba, dabino, tumatirin gwangwani, ruwan kwakwa, lemon zaƙi. Dankali kuwa sai an fere shi, an yanka ƙanana, an jiƙa, an tafasa da ruwa mai yawa an zubar da ruwan. Wannan duk mun iya, domin abu ne da muke gani da ido. Inda muke shan wahala shi ne kayan leda da na gwangwani, za ka ga an rubuta E340 ko E332 ko E326, amma babu inda aka rubuta miligiram nawa ne a ciki, kuma ba za ka iya jiƙa madara ka zubar da ruwanta ba. Likitan abincin da ke duba shi ta gaya mana cewa fotasiyam da fosfet ɗin da aka zuba a matsayin sinadari sun fi na cikin ganye da hatsi saurin shiga jini, don haka muka daina saya masa duk abin da muka ga waɗannan lambobi a jikinsa. Wanda ya ce babu illa kwata-kwata, ya zo gidanmu ya gani.

Injiniya_Rikkos
Allah ya ba Baba lafiya. A Amurka, tun dokar da suka fitar a 2016, wajibi ne a rubuta adadin fotasiyam a teburin bayanin abinci da ke jikin kaya. Da za a yi haka a nan, da rabin matsalar Baban_Sadiq ta warware, kuma a ganina wannan ne ya kamata mu nema, ba haramtawa ba.

Mai_Harhaɗa_Magani_Terminus
Amin. Ina so in ƙara wani rukuni a kan wanda Sister ta ambata, wato masu shan wasu magungunan hawan jini da na zuciya da ke sa ƙoda ta riƙe fotasiyam, irin su lisinopril da losartan da spironolactone, da kuma magungunan da ke ɗauke da amiloride. Idan aka haɗa su da yawan shan diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gwiwa, kamar yadda dattawanmu ke yi ba tare da sun gaya wa likita ba, haɗarin yana ƙaruwa. Ba ina cewa a daina shan maganin ba, kada wani ya karanta wannan ya ajiye maganinsa, abin da ake buƙata shi ne gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Kuma a gaskiya ga irin waɗannan mutane ba kwalbar lemo ce ta fi ba ni tsoro ba, gishirin nan da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini ne, wanda aka maye gurbin wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da fotasiyam kulorayid, E508, domin shi da cokali ake zuba shi a miya kullum. Sannan shi kansa fotasiyam sitiret ɗin da Mai_Shago ya gani magani ne a wurinmu, ana ba da shi ga masu tsakuwar ƙoda da masu zafin fitsari, a adadin da ya ninka na cikin lemo sau da yawa, amma bisa umarnin likita.

Malamin_Kimiyya_Bukuru
A yi wa wannan gishiri adalci dai. An yi babban bincike a ƙauyukan Sin da aka wallafa a 2021, a kan mutane kusan dubu 21, inda aka ba rabinsu gishiri mai kashi 25 cikin 100 na fotasiyam kulorayid, kuma shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kimanin kashi 14 cikin 100 a cikinsu.

Mai_Harhaɗa_Magani_Terminus
Haka ne Malam, sai dai masu binciken sun cire masu ciwon ƙoda mai tsanani da masu shan magungunan sa fitsari da ke riƙe fotasiyam, irin su spironolactone da amiloride, tun kafin a fara. A kasuwarmu wa zai cire su?

Ɗan_Gangare
Kun ga kun dawo kan maganata. Dokokin da Ɗaliba ta lissafo an rubuta su ne a Rum da Janiba, ga kamfanin da ke da ma'auni da ɗakin gwaji. Ku shiga kasuwa ku ga yadda ake sayar da farin gari a ƙulle a leda, babu suna babu lamba, a ce wannan na zoɓo ne, wannan na yogot ne, wannan na sabulu ne, duk a kan tebur ɗaya.

Maman_Zoɓo_Farin_Gada
A nan kam ina bayan Ɗan_Gangare. Ina yin zoɓo da kunun aya na sayarwa, kuma an taɓa sayar mini da wani gari a ƙullin leda wai yana hana lalacewa, da na tambayi sunansa da yawan da zan zuba sai mai sayarwar ya ce in ɗiba da bakin cokali kawai. Ban zuba ba. Daga baya na samu mai rubutu a jiki, an ce fotasiyam sobet, E202. Shi ma cikin masu daidaita tsamin yake?

Ɗalibar_Abinci_Unijos
A'a Mama, E202 mai hana lalacewa ne, yana hana fumfuna da yis yaɗuwa, kuma shi yana da iyaka, don haka da ma'auni ake zuba shi ba da bakin cokali ba. Alaƙarsa da masu daidaita tsami ita ce ya fi yin aiki idan abin sha yana da tsami, shi ya sa kike yawan ganinsu tare a jikin kwalba. Zoɓo yana da tsaminsa na asali, kunun aya kuwa ba shi da shi, don haka sobet ba zai cece shi ba, sanyi da tsabta ne kawai maganinsa. Kuma ki tabbata duk abin da za ki saya an rubuta cewa na abinci ne, domin akwai irinsa na masana'antu da ba a tace shi daga ƙarafa masu guba ba.

Ma'aikaciyar_Jinya_Jos
Tun da an ambaci sabulu, a kula da E525. Ɗigon da kamfani ke sakawa a abinci yana haɗuwa da tsamin da ke ciki ya mutu, ba ya isa bakin mai ci a yadda yake. Amma ɗanyensa, wanda wasu mata ke saya domin haɗa sabulu, yana ƙona fata da maƙogwaro kamar yadda soda ke yi, kuma idan aka narka shi a robar ruwan sha aka ajiye a ƙasa yaro ba zai bambance ba.

Mai_Shago_Dilimi
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da na rasa yanzu shi ne yadda zan taƙaita wa mai saye a tsaye, domin idan na ce babu illa Baban_Sadiq zai ce ban yi adalci ba, idan na ce akwai kuma na koma cikin masu saƙon murya.

Injiniya_Rikkos
Ka ce masa ba buromet ba ne, ka nuna masa lambar rajistar NAFDAC, sauran kuma tsakaninsa da likitansa.

Baban_Sadiq_Tudun_Wada
Ni da zan so ka tambaye shi ko akwai mai ciwon ƙoda a gidan, domin yawanci ba marar lafiyar ne ke zuwa shago ba, yaro ake aikowa.

Hajiya_Unguwar_Rogo
Ni tambayata ta koma kan toka. Maigidana yana shan ɗaya daga cikin magungunan da ɗana Mai_Harhaɗa_Magani ya lissafa, wancan losartan ɗin, kuma ba ya cin miyar karkashi sai da ruwan toka. In daina zuba masa ke nan?

Ma'aikaciyar_Jinya_Jos
Hajiya, babu wanda zai iya gaya miki adadin fotasiyam ɗin da ke cikin ruwan tokarki, domin ya danganta da irin karan da aka ƙona da yawan ruwan da aka tace da shi. Idan zai koma ganin likita, ku nemi a yi masa gwajin ƙoda da na gishirin jini, ku kuma faɗa wa likitan maganar tokar da bakinku, domin ba lallai ne ya yi tunanin tambaya ba. Kafin nan ki rage, kuma kada ki maye gurbinta da kanwa, tun da hawan jini ne ke damunsa.